Ranar da Jakada Ya Tarbi Tsuntsaye

Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Guri bai tsaya Yelwan Fadama ya gai da Alhaji Gwadabe ba, to ya yi asarar kuɗin mota. Allah bai cika yin irinsa biyu a ƙaramar hukuma ɗaya ba. Mutum ne mai katin shaida uku a wuya, biro huɗu a aljihu, tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. A cikin biron nan ɗaya ne ke rubutu, shi ma sai an hura masa iska. Yana sayar da taki da maganin feshi, amma wannan don kada a ce zaune yake. Ainihin sana'arsa ita ce sanin Turawa.

A Kano ya samo wannan ilimi, lokacin da ya yi 'yan watanni yana gadin ƙofar wani otal. Turawa sun shiga ta gabansa, sun fito ta gabansa, wani ma ya taɓa ba shi riƙon lema. Tun daga nan babu abin da ya shige masa duhu game da ƙasashen waje. Mutanen gari suka sa masa Jakada. Su da wasa suke faɗa, shi kuwa ya kira mai fenti ya rubuta masa a ƙofar shago.

Shekara da shekaru Jakada na zaune ba ƙasar da zai yi wa jakadanci, sai ga wata ƙungiya mai kula da tsuntsayen fadama ta turo ɗan sa kai. Wani saurayi ne dogo daga ƙasar Holan, sunansa Yoris, ya baro iyayensa ya zo aikin da ba albashi. Aikin kuwa shi ne ƙirga tsuntsayen da ke gudun sanyin ƙasarsu su sauka fadamar Haɗejiya. Ana cikin shawarar inda za a sauke shi, aka waiwaya aka ga Jakada ya riga ya ɗora jakarsa a ka. Sunan baƙon ya gagari bakin mutane, saboda haka kafin la'asar ya zama Tasi'u Bature.

Tasi'u yaro ne mai sauƙin kai. Da asuba zai tashi ya yi wanka da bokiti, ya rataya madubin hangen nesa, ya hau tsohon kekensa zuwa bakin ruwa, inda Safiyanu mai kwalekwale ke jiransa. Su kutsa cikin ciyawar kacala har rana ta take. Ya dawo da taɓo har gwiwa, sauro ya yi masa zane a wuya, yana ta murna wai ya ga dinya. Da yamma ya hau tudun bayan makaranta, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa, ya gaya wa uwarsa yana nan lafiya. Ya wanke kayansa da kansa, ya shanya, akuya ta cinye masa safa, ya bi ta yana ba ta haƙuri.

Duk wannan bai yi wa Jakada daɗi ba. Ya ce shi ya san Bature, kuma ba haka Bature yake ba. Ya kafa doka a gidansa cewa baƙo ba zai ci komai ba sai burodi da kifin gwangwani, da cokali mai yatsu, a kan tebur. Tasi'u ya ci na kwana biyu don kunya. Daga nan sai ya koyi zagayawa ta bayan gida, inda matar gidan, Barira, ke ajiye masa ɗumamen tuwon shinkafa da miyar kuka da ɗan kifi banda. Ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa ya sa hannu. Shi kuma kifin gwangwanin, don kada a yi almubazzaranci, Jakada ya sadaukar da kansa yana cinyewa.

Sai maganar tafinta. Kafin damina ta ƙare Tasi'u ya iya Hausar da za ta kai shi kasuwa ta dawo da shi. Wannan bai sa Jakada ya ajiye aiki ba. Wata safiya Tasi'u ya durƙusa gaban Talatu mai ƙosai ya ce, “Iya, ina kwana? A ba ni mai zafi.”

Jakada ya gyara tabarau ya ce, “Yana gaishe ki, kuma yana buƙatar ƙosai, mai zafi.”

Talatu ta ce, “Alhaji, ai na ji shi.”

“Ji kika yi, ba ki fahimta ba. Maganar Bature ciki gare ta.”

Ana nan sai shugabar aikin, Hajiya Ummussalma, ta zo daga Haɗejiya da labari. A tsakiyar sanyi akwai safiya guda da ake babban ƙirge a duk fadamar. Ƙauyen da aka samu ruwansa ya fi tsuntsaye, nan ƙungiya za ta gina hasumiyar kallo da masaukin baƙi. Gasar tsakanin Yelwan Fadama ce da Kukar Inuwa, ƙauyen da ke tsallaken ruwa. Tasi'u ya san nasu ne za su ci, don ya yi watanni yana lallaɓa ruwan nan, har ya roƙi masunta su daina buga gora a gefen da tsuntsaye ke kwana.

Jakada kuwa tun Hajiya ba ta rufe baki ba ya hango ginin. Ya hango shi a filin da ke jikin shagonsa. Ya hango allo da sunansa, da Turawa suna layi suna ba shi riƙon lema. A ranar ya kai ɗinkin sabuwar babbar riga.

Ana gobe ƙirge Tasi'u ya same shi a shago, ya roƙe shi abu ɗaya da Hausa tsantsa: gobe da safe a yi shiru a bakin ruwa, ko tari mutum zai yi ya tafi gida ya yi. Jakada ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu. Yana fita, Jakada ya juya ga 'yan zaman shago ya fassara musu.

“Kun ji kunya irin ta Turawa. In Bature ya ce kada a yi, nufinsa a yi da kyau. Wace ƙasa ce za a ce baƙi sun taso tun daga Turai da fikafikansu, a ƙirga su a bushe kamar buhunan taki? Ba a garin da nake Jakada ba.”

Barira ta ce masa ita dai a ganinta yaron abin da ya faɗa shi yake nufi. Ya tambaye ta ko ta taɓa zuwa Kano.

Gari bai gama wayewa ba Safiyanu ya tura kwalekwale, Tasi'u a gaba, Hajiya a tsakiya, ba mai ko motsi. Ruwan ya yi baƙi da tsuntsaye. Ƙirinjijiya, dinya, zalɓe, jinjimi, da agwagin Turai da ba su da suna a Hausa, sun rufe fadama har inda ido ya tsaya. Tasi'u ya ɗaga madubi cike da murna.

A daidai nan janareta ya tashi a bakin gaɓa.

Jakada bai yi ƙwauro ba. Rumfa biyu, kujerun roba, lasifika irin ta kamfen, makaɗan kalangu daga Haɗejiya, da mafarauta da bindigogin toka. A bayan rumfa mahauta sun kayar da sa. Shi kuma yana tsaye cikin sabuwar riga, sitaci na ƙara, ya ƙwanƙwasa makirfo ya yi gyaran murya.

“A madadin ni kaina, da ofishina, da ɗaukacin al'ummar Yelwan Fadama, ina yi wa manyan baƙinmu na sama da na ƙasa barka da sauka.”

Ya ɗaga hannu, mafarauta suka saki wuta.

Fadama ta tashi gaba ɗaya, kamar an yaye bargo. Sama ta yi duhu, ƙarar fikafikai ta danne kalangu. Jakada ya duba sama idonsa ya ciko da ƙwalla, ya shaida wa jama'a cewa ko a Turai sai babban mutum tsuntsaye ke miƙe wa tsaye. Tsuntsayen suka yi kewaye ɗaya a kansa, suka miƙe tsallaken ruwa, suka sauka a Kukar Inuwa, inda wasu masu ƙirgen ke zaune shiru da madubinsu. An ce mutanen can har yau suna sa shi a addu'a.

Kwalekwale ya dawo a hankali. Tasi'u ya fito fuskarsa ta yi ja kamar gauta, ya tsaya gaban Jakada, ya buɗe baki, Hausa ta ƙi zuwa, Turanci ya ƙi zuwa, har yaren uwarsa ya ƙi zuwa. Jakada ya karkata makirfo ya ce, “Yana cewa ya gode.”

Yaron ya zagaya bayan rumfa don kada a ga hawayensa. Can sai aka ga ya daskare, ya ɗaga madubi, duk da abin da yake kallo bai fi taku kaɗan ba. A inda mahauta suka zubar da tumbi, ungulu bakwai ne suka sauka suna ta hidima. Ya yafito Hajiya da hannu. Ita ma ta zo ta tsaya ta riƙe baki. Ashe tun zuwansa ƙasar nan yake neman ungulu bai ga ko ɗaya ba, don sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma ƙungiyar ta daɗe tana cigiyar inda suka rage. Ya manta da fushi, ya rungume Jakada har sitaci ya karye.

Hajiya ta tambayi wanda ya sa aka yanka san. Jakada ya bugi ƙirji. Ta ce hasumiya kam ta tafi Kukar Inuwa, wannan ba makawa. Amma in ya yarda, za a keɓe filin jikin shagonsa ya zama wurin ciyar da waɗannan tsuntsaye, a riƙa zuba musu kayan ciki duk ranar kasuwa, a kafa allo da sunan mai kula da wurin, a kuma aika sunan har ƙasashen waje.

Daga “allo” zuwa “ƙasashen waje” Jakada bai ji sauran ba. Ya zaro biron nan mai rubutu ya hura masa iska. Safiyanu ya matso ya ce masa a hankali, “Alhaji, ungulu fa.” Jakada ya dube shi da tausayi ya ce wannan jahilci ne, mikiyar Turai ce, tafiya ce ta zubar mata da gashin kai.

Allon ya iso bayan wata guda, ya fi ƙofar shago faɗi. Mai zanen mutum ne mai tsoron Allah, bai ƙara wa tsuntsuwar gashi ko ɗaya ba. Ga ta nan da sanƙonta da dogon wuya, ta ɗan karkata kai. A ƙarƙashinta da manyan baƙaƙe: ALHAJI GWADABE JAKADA.

Burinsa ya cika, an san shi. Tasi'u ya ce uwarsa ma ta ga hoton, ta ce a gaishe shi. Direbobin Guri sun daina cewa Yelwan Fadama, in sun iso sai dai ka ji, “Gidan Ungulu, akwai mai sauka?” Masu sayen taki sukan tsaya daga nesa su miƙo kuɗi, hannu ɗaya a hanci. Tasi'u kuwa ya koma Kukar Inuwa da zama saboda aikin hasumiya, inda yake cin tuwonsa a fili, ba tafinta. Duk ranar kasuwa yakan tsallako da kekensa a kwalekwale ya ƙirga na Jakada. Sun kai goma sha tara.

Ran nan Jakada na kishingiɗe a zaure, Barira ta leƙo ta ce, “Alhaji, tashi ka sa riga, baƙinka sun sauka.”

Ya zabura ya rataya katunansa uku, ya laluba tabarau, yana tambaya daga wace ƙasa.

Ta nuna masa saman kwano.