Rasuwar Ña Tomasa, Bindigar Gidan Ozuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen dama da har yanzu bai daina ƙara ba, Don Nicasio Ozuna na ƙauyen Potrero Guasu ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba su taɓa ƙaunarta ba, rasuwar ƙaramar bindigarsa, Ña Tomasa. Ta cika ranar Asabar da hantsi a bayan gida, tana fuskantar wani suri, shekarunta casa'in da ɗoriya.

An haifi marigayiyar a ƙetaren teku, aka kawo ta a cikin akwati don yaƙin da ƙasarmu ta yi da maƙwabciyarta a kan yankin Chaco. Yaƙin kuwa ta yi shi ne a ƙugun wani hafsa mai kula da tukwane, saboda haka ta dawo babu ran kowa a wuyanta. Da aka yi gwanjon rarar kayan soja, mahaifin Don Nicasio ya ba da maraƙi ya ɗauko ta, ya raɗa mata sunan surukarsa, wai don muryarsu ɗaya.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaida haƙurinta. Ta kwana a ƙarƙashin matashi shekara da shekaru ba ta taɓa yin ƙorafin minsharin maigidanta ba. Ba ta da riƙo: ta daɗe tana harbin dilan da ke cin kajin gida, dilan ya mutu da tsufansa, jikokinsa suna nan suna ci. Abin da aka tabbatar ta kashe a rayuwarta shi ne kabewa ɗaya da tankin ruwan maƙwabci. Maganarta ba yawa. In tana cikin nishaɗi ta ce "tau", in damina ta shige ta sai ta ce "ƙyas" ta yi shiru, a bar mutum tsaye da kunya a gaban jama'a.

Babban aikinta na ranar aure ne. A gidan Ozuna, duk wanda aka ɗaura wa aure, da fitowarsa daga coci zai karɓe ta ya harba sau ɗaya wajen fadama, da hannunsa, kafin a taɓa nama. Don Nicasio ya yi, 'ya'yansa sun yi. Bana aure ya zo kan jikarsa Celsa, wadda ya yi rainonta tun tana rarrafe, ita kuwa ta ce mace ko ba mace ba, sai ta harba.

"Kaka, in ba ka ba ni Tomasa ba, ka nemi wata amaryar."

"Ke da wannan hannun naki kamar ƙafar ɗan tsako?"

"Shi ne hannun da ke tatse maka shanu tun da gwiwarka ta yi ritaya."

Ya yi dariya, ya yi mata alkawari a gaban mutane. Daga nan ba abin da yake so a duniya kamar ya ga bindigar ubansa a hannun yarinyar nan.

Ciwon ajali ya fara da tari. Marigayiyar ta riƙa shaƙewa da kwanson harsashi, tsatsa ya ci mata maƙogwaro, mariƙinta ya tsage. Aka kai ta gari wurin Fulgencio mai gyaran bindiga, ta kwanta a kan tebur tsakanin wani injin ɗinki da ƙarfen keke. Ya wanke ta, ya sauya mata sifirin, ya sassaƙa mata sabon mariƙi, sannan ya daɗe yana leƙa cikinta da fitila.

"Don Nicasio, ta tashi, amma tsohuwa ce. Ƙarfen zamaninsu ba na yanzu ba ne. Harsashinta na dā za ka nema, mai sauƙin albarushi. Kunu za ta sha, kar a ba ta ƙashi."

"A ina zan samu kunun?"

"Na aika babban birni, Asunción. In ya iso, ya iso. In bai iso ba, a rataye ta a bango ta yi kallon biki."

Ruwa ya cinye hanya, saƙo bai iso ba. A nan ne Allah ya jefo Atilano, wanda ya riƙe wa Don Nicasio ɗa ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre, kuma shi ya sa ba a iya korarsa. Ya dawo daga kasuwar kan iyaka da kwalin harsashi a aljihu. Suna zaune a inuwar mangwaro ana zagaya ƙoƙon tereré, shayinsu na ganye mai sanyi, ya zaro harsashi ɗaya mai walƙiya, ya tura a cikin Ña Tomasa. Ya shige zuruf.

"Ka gani, compadre? Tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Sabon yayi ne, ya ninka naku ƙarfi. In yarinyar nan ta harba, har Brazil sai sun san an yi aure."

"Fulgencio ya ce kunu."

"Fulgencio mai gyaran keke? Abin da ya shiga ai ya dace."

Labari ya kai wa Fulgencio, ya aiko da amsa ta bakin mai madara: leda ma tana shiga bakin akuya. Don Nicasio ya ji saƙon, ya ce ai Fulgencio haushi yake ji don ba a wurinsa aka saya ba. In kunne ya ji jiki ya tsira, sai dai kunnen nan tun lokacin bai cika aiki ba.

Ranar aure da safe, Celsa na ɗaki ana yi mata gashi, uwargida Ña Petrona ta tsare mijinta a bakin murhu, ludayi a hannu.

"Tsoho, ka gwada abin nan?"

"Ba a gwadawa. Harbin farko na mai aure ne, haka muka gada."

"Ni ko miya ba na kai wa baƙi sai na lasa. Kai za ka sa wa jikata abin da Atilano ya kawo? Atilanon da ya sayar mana da zakara makaho?"

"Mace, kin san bindiga ne?"

"Na san Atilano."

Ya fita a fusace, niyyarsa ya harba ɗaya ya dawo ya ba ta kunya. Ya tsaya gaban suri da rigar bikinsa, ya miƙe hannu, ya ja kunama. Marigayiyar ta yi maganarta ta ƙarshe, wadda ba ta taɓa yin irinta ba: "Ɗam!" Bayanta ya dare, murfinta ya bi iska ya wuce gefen kunnen maigida, kaji suka watse. Surin bai ji komai ba. Ta tafi da rabin babban yatsan Don Nicasio a matsayin ɗan rakiya.

Ña Petrona ta ɗaure hannun da ƙyallen teburin biki. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya zauna a ƙasa yana kallon tagar ɗakin da Celsa ke ciki, domin tsoron da bai ji ba lokacin da ya kamata sai yanzu ya sauko masa gaba ɗaya. Da yarinyar ta fito a guje da rabin gashi a kwance, ya kama hannunta na dama da nasa na hagu ya riƙe, yana kuka kamar yaro. Aka ɗaura aure da yamma. A ƙofar coci Ña Petrona ta buga murfin tukunya sau ɗaya, aka ci nama.

Marigayiyar ta bar maigidanta cikin ɗinki da bandeji. Ta bar kubenta na fata, wanda yanzu almakashi ke haya a ciki, da kwalbar mai rabi, da wata tsohuwar bindigar farauta da ta ji labari ta ƙi fitowa daga bayan ƙofa. Harsashin Asunción ya iso ranar Talata, ya tarar an gama. Ragowar kwalin Atilano yana hannun 'yan sanda.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an fito coci. Fulgencio zai yanka bututunta da zarto, don kada wani compadre ya ce zai iya tashinta. Za a binne ta a gindin lemon bayan gida, kusa da yatsan, wanda ya riga ta. Atilano ne zai haƙa kabari, Ña Petrona za ta tsaya a kansa. Akwai chipa, burodin garin rogo da cuku, da kuma dafaffen rogo. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da bindiga, kuma a gaisa da mai makoki ta hagu.

Bisa al'ada maigida ne ke zuba ƙasar farko. Tun da ba zai iya riƙe shebur ba, ya roƙi Celsa ta zuba masa, da hannunta na dama.