Ranar da Kwamfuta Ta Hana Mu Ganin Jikata

Ranar sunan jikata ta fari na tara dangi daga Getso da Kabo, na yi alkawarin za su ga jaririyar kai tsaye daga Alƙahira. Manhajar kiran bidiyo kawai ta rage in sauke a kwamfutata, sai rumbun manhajoji ya ƙi barina in shiga.

Ni da na yi ciniki da Larabci a Jidda, na yi faɗa da Faransanci a Abijan, na'ura ce za ta kunyata ni a Gwarzo? Sau huɗu ina sake kalmar sirri. Kunu ya huce, tsofaffi suka fara laluben takalmansu, 'yata tana can tana jira har ta haƙura.

Taubashiyata Hajiya Rabi ta leƙo. "Alhaji, agogon kwamfutar nan fa?"

Tun dawowata daga Umara na tura shi gaba da awa biyu, don in riƙa sanin lokacin sallar Harami. Ashe shi ne cikas ɗin, rumbun ba ya buɗewa in agogo ba daidai yake ba. Ta gyara, rumbun ya buɗe, amma kowa ya watse.

Jikar har ta fara tafiya, Rabi ba ta bari ba. Duk taron da na shiga sai ta ɗaga murya: "Ku ba Alhaji buta, a Makka an kira Magariba!"