Rasuwar Kwamfutar Malam Baballe, da Baƙin da Aka Tarar a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da har yau bai sake shi ba, Malam Baballe Isiyaku na Bakin Kwalbati, a ƙasar Bunkure, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan noman rani rasuwar kwamfutarsa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara a gidansa.

'Yarsa Rahma, mai aikin asibiti a Kano, ita ta kawo marigayiyar. Malam Baballe, wanda bokonsa ya tsaya a aji huɗu, ya koyi sarrafa ta da yatsa ɗaya. Ta kasance mai haƙuri da riƙon amana. Ita ta adana masa hoton tumatir mai hanci irin na mutum, da kwaɗo mai ƙafa biyar da ya gani a magudanar Kadawa, da wani gajimare da ya durƙusa bisa gonar shinkafa kamar raƙumi. Mutanen gari sun sha yi masa dariya. Ita ba ta taɓa ba. In an kunna ta sai ta ce "tilin-lin", ta yi ɗan huci kamar mai hawan tudu.

Babbar amanarta kuwa ita ce matarsa, Ummukulsum, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Akwai hotunanta goma sha ɗaya a tsakar gida, ba mayafi, tana tsifa tana dariya, da ɗan bidiyo guda mai muryarta. Shekara arba'in da ɗaya suka zauna, baƙon namiji bai taɓa wuce zaure ya gan ta haka ba.

Ciwon ajali ya fara ne a watan jiya, da yatsan Malam ya taɓa wani wuri da bai sani ba. Sai ga wasu fayil-fayil sun bayyana, fari-fari kamar marasa jini, sunayensu ba Hausa ba, ba irin Turancin da ya sani ba, har da lambobi. Ko'ina ya buɗe suna nan, har wurin da Ummukulsum take. Bai ajiye su ba, ba su kuma yi sallama ba. Tun yaushe suke zaune? Wa ya aiko su, wa suke kai wa labari? Ya liƙe idon marigayiyar da ƙaro, ya juya fuskarta bango, bai samu natsuwa ba.

Rahma ta ce masa a waya, "Baba, don Allah ka ƙyale su. Na gida ne, da su aka haife ta." Bai gamsu ba, domin na gida ba ya shekara tara yana ɓuya. Ya saka ta a buhu, ya ɗora a babur ya kai wa Hambali mai gyara a Kura. Hambali ya miƙo hannu ya ce, "Kawo ta, Baba, in buɗe in duba komai." Da jin "komai", Malam ya ƙanƙame buhun ya juyo gida.

Sai ya yi abin da manomi ya sani: abin da ba ka shuka ba in ya fito a fangali, cire shi ake yi. Ya goge su. Kashegari suka tsiro kamar ciyawar aya-aya. Ya ƙara zurfafa hannu. Sau biyu marigayiyar ta tsaya tana tambayarsa da Turanci, sau biyu ya danna. Ranar Talata ta ce "ƙit", fuskarta ta yi shuɗi, ta yi baƙi. Da aka ba Hambali labari, ya ce Malam ya haɗa da saiwa.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da batirin sola, da Malam Baballe. Ta bar kuma baƙin nan, waɗanda ba a sani ba ko sun mutu tare da ita, ko suna nan zaune cikin duhu. Hambali ya ce hotunan za su iya fitowa, amma sai ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya da idonsa.

Ba za a yi mata wanka ba, don dama ruwa bai karɓe ta ba. Ba za a sayar wa 'yan gwangwan ba, ba a san hannun da za ta faɗa ba. Ba za a jefa ta a magudana ba, ruwan yana ratsa gonakin mutum ɗari. An naɗe ta a zanen Ummukulsum, an haƙa rami a bayan rumbu.

An sa binnewa ranar Alhamis, aka ɗage zuwa Asabar, yanzu an mayar wata Alhamis bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Masu awaki su kula, ramin yana nan a buɗe. Masu zuwa kuma su yi haƙuri in an sake ɗagawa. Sau biyu Malam yana kai ta bakin ramin yana dawowa da ita, domin a duk duniya a cikinta ne kaɗai wata murya ta rage mai cewa, "Malam, ajiye abin nan ka taso, tuwon zai huce."