Kaka Tana Koyon “Kullum” da Turanci

“…Lafiya lau, in ban da ganinka da ya ɓata mini safiya,” in ji Kaka, tana gyara zama a kan tabarma.

Ita ce fa ta aika a kira shi. Jikan nata, wanda take ce wa Dogo, malamin Turanci ne. Autarta tana aure a wata ƙasa mai nisa, kuma ’yar da ta haifa a can, takwarar Kaka, ba ta jin Hausa. In an yi kiran bidiyo sai su yi ta kallon juna suna murmushi har a kashe wayar. Abin yana cin Kaka a rai.

“Tsohuwa, ke da haƙoranki suka yi ritaya, da me za ki tauna Turanci?”

“Da dasashi, mai wuya kamar raƙumi. So nake in ce mata kullum ina tunaninta.”

“To ce: Ai tink of yu ebiri de.”

“Biri? Takwarar tawa zan kira biri? Kai ne birin!”

“Ebiri de, wato kullum. A ƙarshen magana yake zama, kamar ke in an fita unguwa. Akwai kuma samtaims, wato jefi-jefi, irin wankanki.”

“Ja’iri! Ko sau ɗaya fa?”

“Neba.”

“Ashe sunan tsarabarka ke nan. Wannan miji nawa, neba ne.”

Dogo ya tuntsire da dariya. Ita kuwa sai ta shiga murza bakin zanenta.

“Akwai wata kalma,” ta ce a hankali. “In uwarta ta tambayar mini ita yaushe za su zo, sai yarinyar ta ce sun. Kwana nawa ne sun ɗin nan?”

Ya sosa ƙeya. “Ba shi da lissafi, Kaka. Ba da daɗewa ba, shi ke nan.”

“Tun kafin haƙoranta na gaba su faɗi take faɗa mini. Ga shi har sun sake tsirowa.” Ta goge ido da gefen mayafi, ta harare shi. “Me kake kallo? Hayaƙi ne. Yaya ake cewa yanzu?”

“Nau.”

“Nau. To ka riƙe sauran tarkacenka. In ta ce sun, in ce nau. Mu ga wanda zai gaji.”

“Wallahi na sallama,” in ji Dogo, yana ɗaga hannuwa. “Ranar kiran zan zo in zauna kusa da ke.”

Kaka ta jawo gwangwanin alewar da take tara wa takwararta, ta zaro ɗaya ta miƙa masa, ta yi maza ta rufe.

“Ɗaya tak. Sauran na mai zuwa ne.”