Rasuwar Tekun Falo, a Hannun Mai Ƙaunarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da aka hana shi magana, ni Kombo Mwinyihaji na unguwar Likoni a Mombasa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akwatin gilashina na kifin teku, wanda muke kira Tekun Falo. Ya cika ranar Asabar da hantsi, ina wurin aiki.

Marigayin shi ne na farina a wannan harka. Makonni ya yi ba komai cikinsa sai duwatsu da ruwan gishiri, saboda masana sun ce sai ruwa ya nuna kafin a sa mai rai. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Har maƙwabcina Mwakio ya tambaye ni, "Kombo, duwatsun nan yaushe za su haihu?" Da lokaci ya yi aka kawo murjani mai rai da kifaye biyu masu launin ruwan lemo, Sudi da Kibibi, bakin kowa ya mutu.

Ya kasance mai haƙuri, mai tsafta, ba ya shiga harkar kowa. Maganarsa ba ta wuce "ɓul-ɓul-ɓul", sai in an ɗauke wuta ya ce "ƙyat" ya yi shiru, ni kuma in kama fifita masa ruwa da ludayi.

Game da ajalinsa, ina roƙon a karanta a hankali. Surukata, mahaifiyar matata Wawuda, ta sauko daga duwatsun Taita don ganin jikoki. Can ruwa garau yake fitowa daga dutse, shi ya sa ba abin da ta tsana a garinmu kamar ruwan rijiyarmu mai zartsi. Na wanki ne kawai a wurinta; baƙo da mara lafiya sai ruwan daɗi na masu tura kura. Ni ma tun da na auri 'yarta ban wuce ruwan rijiya a idonta ba. "Mijin Wawuda" take kirana, in ta kira.

Ranar nan ta tsoma yatsa a cikin marigayin, ta lasa, ta dafe ƙirji. Wawuda ta tafi kasuwa. Tsohuwar nan mai ciwon gwiwa ta kwashe ruwan gishirin tas, ta tare mai kura, ta yi ta hawa bene da jarka ita kaɗai har ta cika shi da ruwan daɗi.

Na dawo na tarar Sudi da Kibibi sun juya ciki sama, murjani ya saki jiki, ita kuma tana zaune a ƙasa tana kuka.

"Ɗana, na makara," in ji ta. "Gishirin ya riga ya cinye su. Na san yadda kake son su, wallahi na yi iya ƙoƙarina."

Na buɗe baki. Sai na ji abin da ta kira ni, na dubi gwiwoyinta da suka kumbura. Wawuda tana bakin ƙofa da kwando, ta zuba mini ido irin na in-ka-kuskura.

Na ce, "Haka ne, Mama. Kin makara."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma daɗi ya kashe ni, duk a lokaci guda.

Marigayin ya bar dodon-koɗi ɗaya da ya haye gilashi ya tsira, yanzu yana jinya a kwano. Ya bar rabin buhun gishiri da aka riga aka mayar kicin, da famfon da ke motsa masa ruwa, mai ci gaba da kuka shi kaɗai.

Za a yi jana'iza gobe da la'asar a gindin kwakwar da ke bayan gidanmu. Kyanwar Mwakio ba ta cikin waɗanda aka gayyata. Zaman makoki a falo ne, akwai shayi da mahamri, wato fanken Mombasa, Mama ce ta toya da hannunta don ɗanta.

Ga roƙo ga masu ta'aziyya, musamman abokaina masu kiwon kifi, masu ilimi da saurin baki. Mama za ta ba ku labarin yadda ta yi ƙoƙarin ceto su. Ku gyaɗa kai, ku ce sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya gaya mata abin da kifin teku yake sha, na sa an faɗaɗa ramin.