Farfesan Kumfa da Masu Sauraronsa

Idan ana maganar tsafta a duniyar nan, to a yi shiru, a gyara zama, mai abin ya iso. Farfesan Kumfa ke nan, mamallakin wurin wankin motocin da ke bayan gidan mai, gwanin da ya taɓa wanke motar kwasar shara har direbanta ya wuce ta bai gane ta ba. Shi ya ba da labarin da bakinsa, kuma wa ya isa ya ƙaryata farfesa? Ba wata jami'a ce ta ba shi muƙamin ba. Direbobin tasi ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ya sa aka rubuta a allon ƙofa da jan fenti.

Allah ya hore masa baki, ya hore masa bayani, abu ɗaya kawai ya hana shi, wato mai sauraro. Da ya ɗaga yatsa ya ce "A kimiyyance", sai ma'aikatansa su kunna injin feshin ruwa. Masu motoci kan figi motarsu da sauran kumfa a gilashi. Wannan abu na ci masa rai ƙwarai, don babban burinsa a rayuwa shi ne wata rana ya tsaya gaban taro, ya yi jawabi tun daga farko har ƙarshe ba tare da kowa ya tuna yana da uzuri ba.

Ana nan sai matarsa ta haifi 'ya mace. Abin nema ya samu, wai matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo! Ga halitta an kawo masa har gida, wadda ke bukatar wanki safe da rana da yamma, kuma ba ta da ƙafar gudu. Tun a asibiti ya yi mata laƙabi da Sabuwa Dal.

Da aka buɗe ƙunzugun farko, sai ga wani abu baƙi ƙirin, mai danƙo, ya manne wa fatar yarinya. Uwar ta tsorata. Farfesa ko gezau. Ya sunkuya, ya leƙa ta gefe kamar mai duba ƙarƙashin mota.

"Kwalta ce," in ji shi. "Kada kowa ya firgita. A samo mini kananzir kaɗan da tsumma."

Nas ɗin da ke tsaye ta yi wuf ta shiga tsakaninsa da gadon. Ta ce kashin farko ne, haka yake zuwa wa kowane jariri. Ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ta nuna musu yadda ake yi: a shafa daga gaba zuwa baya, audugar da ta wuce sau ɗaya a jefar, a bi lungun cinya, a tsane a hankali ba gurzawa, sannan a bar wurin a buɗe ya sha iska kafin a rufe.

Nan fa aka taɓa Farfesa a inda yake masa ciwo.

"A bar jiki ya bushe da iska? Malama nas, ina girmama farar rigarki, amma wannan ɓarna ce. Duk abin da aka bari ya bushe da kansa, tabon ruwa zai yi. Ana wankewa da kumfa, a goge da ƙarfi, a fesa ƙamshi, a rufe nan take kafin ƙura ta sauka. A kimiyyance..."

Nas ta tuna ana kiranta a wani ɗaki.

Suna komawa gida ya ba wa kansa hutu daga aiki, don ya tsaya a kan wannan babbar kwangila. An ce ma'aikatansa har rawa suka taka. Ya mayar da teburin cin abinci Sashen Wanki na Musamman. Ya shimfiɗa katifa ƙarama, ya kafa fitila mai haske, ya jera sabulu mai kumfa, jiƙaƙƙen tishu mai ƙamshin lemo, turare, da sabon tawul irin na goge gilashin mota. Ko ɗigon fitsari Sabuwa Dal ta yi, sai ya sa farar safar hannu, ya yi mata cikakken wanki, ya goge, ya sake gogewa, ya haska tocila ya ga ko wurin na ƙyalli, sannan ya ɗaure ƙunzugu tamau.

Wurin kuwa ya yi ƙyalli, ba ƙarya. Sai dai ja ya yi jawur, ƙuraje suka feso, fatar ta fara saɓulewa. Da fitsari ya taɓa ta, yarinya sai ta ƙame, ta tsala ihun da ke tsinka hanjin uwa. Matar ta roƙe shi, ta tuna masa maganar nas.

"Nas ɗin mota nawa ta taɓa wankewa?" in ji shi. Ya haska tocila, ya girgiza kai irin na manyan likitoci. "Tsatsa ce ta fara kamawa. Maganin tsatsa kuwa ƙarin gurza."

Baiwar Allah ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta. Ta san mijinta ba mugu ba ne, yana son 'yar nan kamar ransa, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro, don da son zai gurje yarinyar har ƙashi. Ta kuma san gardama da shi zuba ruwa a rariya ne.

Washegari da safe ta riga shi. Ta wanke yarinya da auduga da ruwan ɗumi, tana cikin tsanewa sai ga shi ya shigo da safar hannu da kwalbar sabulu. Ba ta da abin kare 'yarta, sai kawai ta faɗi abin da ya fara zuwa bakinta.

"Farfesa, ni kuwa akwai abin da ya daɗe yana damuna. Wai me ya sa kumfa fara ce, ko da sabulun ja ne?"

Wayyo! Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa yi masa tambaya irin wannan ba. Idanunsa suka ciko da ƙwalla. Farfesa kuwa ba ya iya magana sai da hannu biyu, don haka ya ajiye kwalba, ya ajiye tawul, ya ja da baya don jawabin ya sami fili. Ya faro daga asalin ruwa. Ya bi ta kan bambancin kumfar safe da ta yamma, ya ratsa ta kan wani maƙiyinsa mai wanke motoci da sabulun wanke kwanuka. Duk wannan lokaci Sabuwa Dal na kwance ɗuwawu a buɗe, tana shan iskar taga. Abin mamaki, ko motsi ba ta yi ba. Muryar ubanta ba hawa ba sauka, kamar gurnanin tsohon firji, ita ce ta kwantar da ita lamo. Kafin ya kai ga "a taƙaice", wuri ya bushe sarai, uwar ta shafa ɗan mai, ta rufe. Shi kuwa ya fita yana share gumi, yana jin ya yi wankin da bai taɓa yin irinsa ba.

Daga ranar matar ta zama ɗaliba mai ƙwazo. Da an buɗe ƙunzugu sai tambaya ta taso. Farfesa, soso ya fi ko buroshi? Farfesa, wa ya fara wanke taya a tarihi? Kwalaben sabulu suka yi ƙura a kan tebur. Jan ya dushe, ƙuraje suka baje, fata ta dawo sumul. Ya haska tocila ya yi murmushi.

"Kin gani ko? Da mun bi ta nas, da yanzu wani zancen ake."

"Gaskiya ne, Farfesa," in ji ta. "Bakinka ne ya warkar da ita."

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a bene mai hawa da yawa irin wanda suke zaune a ciki, inda kowa ke jin kukan ɗan kowa. Matar tela da ke hawan ƙasa, wadda ɗanta ke fama da irin wannan ja kuma ba ya yarda a bar shi a buɗe sai ya yi ta birgima da ihu, ita ta fara hawowa. Sai matar mai gyaran waya, sai mai tagwayen ƙarshen baranda. Kowacce ta zo da tabarmar roba da audugarta, ta wanke nata, ta kwantar da shi tsirara daga cibiya zuwa ƙasa, sannan matar gida ta jefa tambaya. Yara su yi tsit. Iyayen ma su ɗan runtsa, abin da Farfesa ya fassara da zurfin tunani.

Da ya tambayi dalilin tuɓe yaran, sai aka ce masa ai don girmamawa ne, kamar yadda ake cire takalmi a ƙofar babban mutum. Ya ce lallai matan benen nan suna da tarbiyya.

Ya ɗinka sabuwar kwat. Ya sa kafinta ya yi masa mumbari, aka ajiye a gaban talabijin. Ya sanar cewa ranar hutun ƙarshen mako zai gabatar da babbar laccar rayuwarsa, mai taken Ɗan Adam da Mota: Jiki Ɗaya, Wanki Ɗaya. Ya aika wa ma'aikatansa da direbobin tasi gayyata, su zo su ga yadda ake sauraron mutum a inda aka san darajarsa. Suka zo kuwa, suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, don falo ya cika maƙil. Daga kujera har bango jarirai ne a jere, ƙafafu a sama, kowanne ya fuskanto mumbari da abin da Allah ya ba shi.

Farfesa ya yi jawabi tun daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya kunna inji. Da ya dire, ya dubi direbobin nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Akwai mai tambaya?"

Wata baƙuwa daga benen da ke kallon nasu, wadda ranar ce zuwanta na farko kuma ta makara, ta ɗaga hannu. Ba wanda ya sami damar yi mata bayanin yadda ake tafiyar da abin. Ta taɓa ɗuwawun ɗanta da bayan yatsa, ta ce da iyakar ladabi:

"Don Allah Baba mai busarwa, a ɗan ƙara mana. Na sauran duk sun bushe, nawa ne da saura."

Wani direba ya cusa hularsa a baki ya fita da gudu. Matar gida ta sunkuyar da kai tana gyara rigar Sabuwa Dal wadda ba ta bukatar gyara. Farfesa ya dubi matarsa, ya dubi kwalaben sabulu masu ƙura, ya dubi sahun da ke gabansa. Ya gane komai, kuma abin ya yi masa zafi har cikin ƙashi.

Sai dai a duk faɗin duniya, waɗannan ne kaɗai suka taɓa zama har ya gama. Ya gyara wuyan kwat, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa.

"A kimiyyance," in ji shi.