Yadda Hoton Injiniya Ya Sami Wurinsa

Allah ya yi wa layinmu baiwar mutane iri-iri, amma babu wanda ya kama ƙafar Injiniyan Takarda. Wannan ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya faɗin abin da bai bincika ba.

Shagonsa yana tsakanin na mai aski da na mai gyaran agogo. In mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi, amma allon sunan da ke sama ya cinye rabin ƙofar mai aski. A ciki akwai kwamfuta, da injin buga takarda da aka lulluɓe da tsohon tawul, da kujera mai juyawa wadda ba ta juyawa sai hagu.

Sauran masu buga takardu, bayin Allah, suna rubutu suna ganin abin da suke rubutawa. Injiniya ya wuce nan. Shi yana da wata manhaja da ba a yi mata rubutu kai tsaye. Sai ya cika fuskar kwamfuta da sanduna karkatattu da ƙugiyoyi, kamar an zubar da gwangwanin ƙusa, yana ba ta umarni: nan babi, nan hoto, nan manyan baƙaƙe. Daga nan ya danna, ta niƙa kamar injin markaɗe, ta fito da takarda tsaf wadda ake kira fi-di-ef, irin da ake turawa ta waya ta buɗe iri ɗaya a hannun kowa. Tsakani da Allah aikin yana fita da kyau. Sai dai wanda ya je buga takardar neman aiki sai ya sha lacca tukuna, ya fito har ya manta aikin da yake nema.

"Ku masu jan hoto da hannu kuna ajiyewa inda kuka ga dama, son zuciya kuke yi," haka yake cewa, yana juyawa hagu. "Wannan manhaja ba ruwanta da sanayya. Ni dai in ce mata ga hoto. Ita za ta auna girmansa, ta auna shafi, ta ajiye shi inda ya cancanta. Kuma in takarda ta fita, ta fita ke nan."

Akwai kuma wata karama da Allah ya ba shi: ba ya buɗe takarda ya duba bayan an niƙa. Ya ce dubawa aikin masu shakka ne, shi tun yana dannawa yake ganin shafin a cikin kansa.

To, 'yan kasuwar layin suna da ƙungiya, Injiniya ne magatakarda. Shugaban, wani dattijo mai sayar da katifa, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, a bana zai sauka. Tun ranar kujerar ta shiga ran Injiniya. Ya sayi sabon alƙalami, ya cika bayan kalandar gidansa da gwajin sa hannu, ya fara amsa gaisuwa da gira. Abokin takararsa mai gyaran agogo ne, wanda shi kuwa abokai ne suka tura shi yana turjewa.

Kowace shekara magatakarda kan haɗa ɗan littafin taro: labarin ƙungiya, 'yan takara, a ƙarshe kuma shafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Injiniya ya ƙudurta cewa na bana shi zai ci masa zaɓe. Ya garƙame shago, ya kashe waya, ya shige ɗakin baya na gidansa da kwamfutarsa kwana da kwanaki. Bai gaya wa kowa ba, domin manya ba sa bayani. Mai aski ya yi ta tambaya ko lafiya, ba wanda ya sani.

Hoton kowa ya yi shi kamar kwalin ashana. Nasa kuwa, wanda ya ɗauka da hannu a haɓa yana kallon nesa, ya umarci manhaja ta ba shi shafi guda daga baki zuwa baki, a farkon sashen 'yan takara. A ƙasa ya rubuta sunansa, ya ƙara da cewa ya yi wa ƙungiya hidima ba dare ba rana.

Manhaja ta auna, kamar yadda aka yabe ta. Ta ga babu wuri a nan, ta ɗauki hoton ta yi gaba. Shafi na gaba ma ya cika. Haka ta yi ta goyonsa har rubutu ya ƙare, sannan ta sauke shi a ƙarshe, daf da addu'ar mamata. Ta ma yi ƙorafi, layuka sun yi ta gudu a ƙasan allo. Injiniya ya ce surutu ne da ita, kamar kowane ma'aikaci.

Matarsa ta shigo ɗaukar kofin shayi, ta ce, "Baban yara, ko za ka buɗe mu gani?"

Ya dube ta da tausayi, ya ce ta je ta goge masa riga.

Ana gab da taro ya tura wa kowa littafin da wayar ƙungiya, don ya isa da zafinsa. Sannan ya zauna ya jira, saboda shugaba ba ya riga jama'a zuwa.

A wani ajin firamare da aka ara ake taron, manya sun cusa gwiwoyi a ƙarƙashin ƙananan tebura. Da Injiniya ya iso bakin ƙofa sai ya ji an ambaci sunansa cikin murya mai rauni. Ya dakata a bayan ƙyaure, ya gyara wuyan riga. Ya san yabo ne, kuma bai dace mutum ya katse yabonsa ba.

Dattijo mai katifa ne ke magana. Ya ce ashe rufe shagon nan da dalili, dama ya ga idonsa ya faɗa kwanakin baya. Ya ce da zarar an tashi za a wuce gidansa gaisuwa, amma kafin nan ko akwai mai faɗin wani alheri game da marigayi.

Kowa ya ɗaga kai yana kallon fanka. Wani ya yi tari. Can sai mai aski ya miƙe da ƙyar daga teburin yara, ya yi tunani mai tsawo, ya ce, "Gaskiya takalminsa kullum a goge yake."

Aka ce haka ne, haka ne. Mai aski ya ƙara da cewa in iyalai ba su damu ba a ɗan matsar da allon sunan nan daga ƙofarsa.

Dattijo ya ce tunda ɗan takara ɗaya ya rage, a ɗaga hannu a huta. Hannuwa suka tashi. Mai gyaran agogo ya zama shugaba yana share hawaye, shi kaɗai ne ma ya yi kuka.

A nan Injiniya ya turo ƙofa. Wata mai sayar da zare ta yi salati ta shige ƙarƙashin tebur, sauran suka yi cirko-cirko. Da aka taɓa shi aka ji ɗumi, sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Aka miƙa masa waya, ya ga aikin hannunsa a karo na farko. Hoton ya fita da kyau ƙwarai.

Ya ce kuskure ne, a sake zaɓe, zai tura gyara yanzun nan.

Dattijo ya ce, "Injiniya, mun gode wa Allah da ya dawo mana da kai. Amma ai kai ka koya mana. Manhajar nan ba ta son zuciya, inda ya cancanta take ajiye mutum. Kuma abin da ya fita ya fita."

Aka bar masa muƙaminsa na magatakarda, don a ce an yi masa wani abu. Gyaran da ya tura washegari ba wanda ya buɗe, kowa na farkon ya adana.

Kafin a watse dattijo ya ce tunda an riga an ɗaga hannuwa, a ƙarasa addu'a ga duk wanda hotonsa ke shafin baya, Allah ya yafe musu kurakuransu. Jama'a suka shafa. Injiniya ya duba hagu ya duba dama, ya ga duk shi ake kallo, ya ce amin.